Sunan da Garba Ya Sa wa Kurkununa

Garba, anfarme mai jinya a gidan likitan Madawa, ya rubuta a takarda cewa ni maƙaryaci ne, ya naɗe ta, ya miƙo mini shina murmushi, ni kuma na karɓa da hannu biyu har da godiya. Kwana goma sha ɗaya ina yawo da ita a wuya kamar laya. Saboda wannan takarda gwiwata ta hagu ba ta lanƙwasa yau, kuma ba za ta ƙara lanƙwasawa ba. Na fara da wannan don kada wani ya karanta rabi ya aje, ya ce ai Shaibu kurkunu ya yi kamar kowa. Kurkunu kam na yi. Amma ba shi ya gurgunta ni ba.

Ni da Garba tare anka kwashe mu zuwa lakkwal, makarantar boko, muna yara, zamanin da Nasara ke cewa kowane gari ya ba da ɗa, masu gari kuwa su zaɓo ɗiyan waɗanda ba su da mai magana. Shekara uku muna cin tuwo a ƙwarya guda. Ya fi ni kai, ban musa ba. Da ubana ya rasu na komo ƙauyenmu, nan kusa da Allakaye, na ɗauki hauya, shi kuwa ya wuce gaba. Abin da ya rage mini kaɗan ne: na san baƙaƙe, ina haɗa su su ba da murya, amma ma'anar Faransanci sai ɗai-ɗai. A ƙauye wannan ya isa a kira ni ɗan lakkwal, a riƙa kawo mini takardar haraji in duba. Na saba a tambaye ni, ban saba in tambaya ba. Nan ne nawa laifin, kuma ban ɓoye shi ba.

Abin ya faru cikin shekarun yaƙin Nasara, lokacin da anka tsananta aikin hanya. Ruwa ya sauka, hatsi ya tsiro, muna noman fari. Ran nan na taso daga gona jikina duk ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi, ga masassara, ga zuciya na tashi. Kwana biyu sai duk sunka wuce, ya bar mini wuta a idon sawun hagu, kamar an ɗora garwashi an rufe da fata. Matata Hajo ta sa yatsa ta danna wurin, ta ce, "Maigida, kurkunu ne. Bai nuna ba tukuna, amma shina nan tahe."

Ba wani labari ba ne a garinmu. Kowace damina sai ya kwantar da mutane. An san yadda ake yi da shi: a jira ƙurji ya fashe, tsutsar ta leƙo, a kama kanta a naɗe a tsinke, kullum a juya kaɗan, har ta fito duka. Magani ɗaya gare shi, haƙuri. Da an bar ni a ɗakina, da abin da zan yi hasara bai wuce noman wata guda ba.

A makon nan ne mai gari ya kira sunayen waɗanda za su aikin tilas, sunana na huɗu. Na ce mashi ba ni lafiya. Ya ce, "Shaibu, ni ban iya cire ka ba. Takardar likita kaɗai gardi ke ji. Kai da ke da aboki can, mi kake jira?"

Gwaggo Tsahara, ƙanwar ubana, ta zo da nata bayani. Ta ce ciwo da kiran suna a mako guda ba banza ba, wani ya bizne mini abu a hanyar gona. Ta ma faɗi sunan wanin: Ɗan Ladi, wanda gonarsa ke jikin tawa. "Tun bara shike kallon gefen kwarin nan naka," in ji ta. "In ka kwanta, wa za ya ci?" Na ce mata ta bari. Amma maganar ta shiga, ta zauna.

Na ari jaki, kwana biyu na isa Madawa. Gidan likita ɗaki uku ne na ƙasa da rumfa, a ƙofa akwai gawo babba. Wanda ya zaɓi wurin nan don jiran marasa lafiya bai san gawo ba, domin da damina ba shi da ganye ko ɗaya. Muna nan cikin rana, kowa ya aje takalmi ko dutse a layi shina tsaron wurinsa. Wata mata da jariri idanunsa sun liƙe, wani Buzu da gyambo ƙudaje sun rufe, da mu masu ɗingishi da yawa. Gardin ƙofa na da ido ga ƙwai: mai ƙwai a ƙwarya dutsensa na tsallake na mutane. Ni ban zo da ƙwai ba, na dogara da abota. Sai rana ta biyu da hantsi na shiga. Lokotoro, likitan Nasara, ya tahi rangadi, Garba ke riƙe da gidan.

Farar riga har gwiwa, agogo a hannu. Ya tashi ya rungume ni.

"Shaibu! Kamarad! Kai ne ka tsufa haka?"

"Hauya ce. Kai kuwa inuwa ta karɓe ka."

Ya yi dariya, ya ba ni kujera, ya tambayi Hajo da yara. Kafin in kai ga ƙafata ya jawo wani littafi mai kauri daga aljihun tebur, shina shafa bayansa kamar ɗan rago.

"Ka ga wanga? Bai daɗe da zuwa daga Faransi ba, lokotoro ya ara mini. Wanda ya rubuta shi ya tsaya da agogo bisa kan ma'aikata, ya auna komi, ɗaga hannu, sunkuyawa, har shan ruwa. Jikin mutum masin ne, Shaibu, kamar injin mota. Tuwo shi ne itacen wutarsa. In masin ta tsaya, ɗayan biyu ne: ko wani ƙarfe ya karye, wannan kuwa ana gani, ko mai tuƙi ne ba ya so."

Na ce, "To ni wane ƙarfe ya karye?"

"Shi za mu duba."

Ya sa mini wani siririn gilashi a hammata, shina kallon agogo. Ya ciro ya ɗaga ga haske.

"Babu masassara."

"Ta zo makon jiya, ta wuce."

"Gilashi bai gan ta ba." Ya sunkuya ya danna idon sawun, na cije haƙora. "Ina tsutsar?"

"Tana ciki. Garba, kai ma ka sani. Ka yi shi muna lakkwal, ni na naɗe maka naka a tsinken tsintsiya kana kuka."

"Wancan zamanin zato ne," in ji shi. "Yanzu abin da ba a gani ba, ba a rubuta shi. Tun da anka fara kiran aikin hanya, kowa ke zuwa da ciwon da ba a gani."

Wannan magana ta isa ta farkar da ni. Amma da fara'a ya faɗe ta, kamar da wasu shike, ba da ni ba. Ya shafa mini wani jan magani mai zafi, ya ɗauki alƙalami ya yi rubutu, ya buga hatimi. Ya ce, "Ka ba shef, babban aikin hanya." Ya raka ni har rumfa, hannunsa bisa kafaɗata.

A ƙarƙashin gawon na buɗe. Ga sunana, ga sunan garinmu, ga kalma ɗaya babba da ya ja wa layi a ƙasa. Na haɗa baƙaƙen: si, mi, la, ter. Similater. Ban san ta ba. Taki goma ne tsakanina da Garba, da na koma na ce mashi mi ke nan, da watakila kunya ta kama shi. Amma ɗan lakkwal ya koma ya ce bai iya karatu ba, gaban gardi, gaban layi? Na ce wa kaina ai a fili take, sunan kurkunu ne da Faransanci. Na hau jakina ina jin daɗi na ƙaru da kalma.

Da na iso gida mutane sunka taru jin labari. Na buɗe takardar, na karanta musu da ƙarfi, na ce Nasara ba su cewa kurkunu, similater suke cewa. Gwaggo ta riƙe baki ta ce, "Ko sunan ma na mugunta ne." Hajo ta ɗinke takardar cikin ƙyalle ta sa mata igiya don kada zufa ta ɓata ta. Kwana huɗu ina kwance a rumfa, duk wanda ya shigo sai ya ce, "Shaibu, sannu da similater." Ni kuma in amsa, "Yauwa, sannu."

Da gardi ya zo kwasar mutane na farke ɗinkin na nuna mashi. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, bai iya karatu ba. Ya ce hatimi kam ya gani, amma shef kaɗai ke sallama, in taho in ba shi da hannuna in komo. Hajo ta sake ɗinke ta. Kwana biyu muna tahiya a ƙasa, ina jan ƙafa, ina ta lissafin ranar da zan dawo in kama maimai.

Aikin a bakin wani kwari shike, wajen Magiya, ana shimfiɗa duwatsu inda mota za ta ƙetare ruwa. Shef ɗin baƙi ne, mutumin bakin teku, ba ya jin Hausa. Ya farke ɗinkin Hajo da wuƙa, ya karanta, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya fashe da dariya. Ya kira gardi ya faɗa mashi wani abu, shi ma ya yi dariya. Ya jefo mini takardar, na mayar da ita wuya. Na zaci dariyar ɗingishina suke. Sai na ga an ware ni daga ƴan garinmu, an kai ni cikin masu ɗaukar dutse zuwa tsakiyar ruwa, aikin da ake ba waɗanda sunka taɓa gudu. Na ce akwai kuskure. Gardi ya nuna mini bulala, ya ce ga mai gyara kuskure nan.

Wanda ya san kurkunu ya san abin da ruwa ke yi mashi, kiran sa shike. Rana ta uku da hantsi ƙurjin ya fashe ina tsaye cikin ruwa har ƙwauri. Na fito na duba, ga kanta fari kamar zare. Wallahi murna na yi. Na ce yau dai ga abin da ake gani. Na ja ƙafa har gaban shef na nuna mashi. Ya ɓata fuska, ya yi magana, gardi ya juya mini da Hausa: a cire ta, in koma aiki.

Na ce, "A ba ni tsinke. Ba a jan ta, naɗewa ake, kullum kaɗan."

Gardin ya ce, "Kullum kaɗan? Nan gidan uwarka ne?"

Shi ma ɗan ƙasar nan ne, shi ma ya sani. Ya sa mutum biyu sunka danne ni, ya kama ta da yatsu biyu ya ja. Kamar taƙi guda ta biyo shi. Sannan ta tsinke, sauran ta koma ciki. Ban yi kuwwa ba. Na dubi ɗan guntun da ke hannunsa, na san abin da ke tahe, kowa a wurin ya sani.

Akwai wani dattijo mai dafa wa ma'aikata dawa, Baba Mamman, tsohon soja ne tun yaƙin Nasara na fari. Allah Ya saka mashi da alheri in shina raye, in ya rasu Allah Ya haskaka kabarinsa. Shi ya ja ni inuwar bukkarsa da azahar, ya wanke wurin da ruwan zafi da gishiri. Ya ga igiyar wuyana ya ce in nuna mashi. Bai iya karatu ba, ya ce in karanta. Na karanta. Ya ce in sake.

"Ɗana, wa ya ba ka wagga?"

"Abokina ne, Baba. Sunan kurkunu ne da Faransanci."

"Ba sunan kurkunu ba ne. Kalmar ga na san ta, a soja da ita ake ɗaure mutum ga turke. Mai ciwon ƙarya ke nan. Wanda ke ƙirƙiro cuta don gudun aiki."

Ciwon ƙafar bai kai wannan ba. Na tuna yadda na tsaya gaban gari na karanta ta da ƙarfi. Na tuna Hajo tana ɗinki. Na tsinke igiyar na jefa cikin wutar dawa.

Kwana biyu ƙafar ta zama kamar turmi, tun daga yatsu har cinya, tana sheƙi. Shef ya zo ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce a fitar da ni. Ƙarfe ya karye, an gani. Baba Mamman ya tare wasu Buzaye masu komawa arewa da jakuna, ya roƙe su sunka ɗora ni bisa kaya. Da za mu tashi ya ce, "Abu guda zan gaya maka. Lokotoron soja ya taɓa ce muna daga ruwan tabki abin ga ke shiga, wasu ƴan ƙwari ne da ido ba ya kamawa. Ka sa matarka ta riƙa tace ruwa da ƙyalle." Na ce to. A raina kuwa na ce, ga wani kuma da abin da ba a gani. Ɗaya ya ce abin da ba a gani babu shi, ɗaya ya ce abin da ba a gani shi ke kisa, kuma duk daga bakin Nasara. Wanne ne ƙarya?

Mako na uku da fara ciwon anka sauke ni a ƙofar gida. Hajo ba ta yi kuka ba, ta dubi ƙafar ta aika a kira wanzami. Ɗan Tani wanzami ya zo ya tattaɓa, ya ce mugunya ta taru wuri uku, sai sakiya. Wanda bai san sakiya ba Allah Ya sa kada ya sani. Ƙarfe ake sawa a wuta ya yi ja, a soka inda ya taru. Maza huɗu sunka riƙe ni, ɗaya bisa ƙirji. Abin da ya fito ya cika ƙoƙo. Bayan kwana biyar ya komo ya sake a bayan gwiwa, kuma ina zaton nan ne jijiyar ta tahi. Ban ga laifinsa ba, da bai soka ba da yanzu ina ƙasa. Amma na lura bai fara ba sai da ya ga akuyarmu ɗaure a turke, kuma da ita ya fita.

Daga nan sai masu shawara. Wannan ya ce ganyen tumfafiya a gasa a ɗaura. Wancan ya ce garin bagaruwa. Liman ya yi rubutu na sha, bai karɓi komi ba. Wata tsohuwa ta ce kada in ci wake, wata ta ce kada mace mai goyo ta tsallake ni. Gwaggo ta ɗauke jan zakaranmu ta hau dutse wurin masu tsafin dā, ta dawo da labarin cewa sun tabbatar, mutum ne gajere baƙi mai gona kusa da ruwa. Rabin garinmu gajeru ne baƙaƙe, amma ni da ita mun san wanda take nufi. Ban gaya mata na san mai laifin ba, dogo ne, shina da agogo. Hajo kaɗai na gaya wa. Ta dube ni ta ce, "To yanzu mi za mu ce wa mutane?" Na ce ba za mu ce komi ba. Don haka masu dubiya sunka ci gaba da shigowa suna cewa sannu da similater, ni kuma ina amsawa, kowace amsa kamar an ƙara mini sakiya.

Mako na biyar, ciyawa ta haɗiye gonata. Ina kwance ina jin warin ƙafata, sai na ji kiɗan gayya daga wajen kwari. Na tambaya, anka ce Ɗan Ladi ne ya tara samari suna nome mini. Kun san abin da na ce? Na ce, "Ya fara ke nan. Yau noma, gobe iyaka." Da yamma ya shigo da laka har gwiwa, ya durƙusa ya ce, "Yaya Shaibu, an rage maka, saura gefen tudu." Na yi godiya da baki, ido na bisa hannunsa. Watanni bayan haka, ranar da na fara fita da sanda, ban nufi ko'ina ba sai iyakar nan. Na bi tushen gamba ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ubana ya dasa. Ko guda bai gusa ba. Na zauna nan na ji kunya. Wannan ma cikin abin da takardar ta yi mini ne: wanda ya rungume ni ya sayar da ni, sai na koma ina tuhumar duk wanda ya matso.

Hajo kuwa, ban san da wane baki zan gode mata ba. Wata uku tana ɗaga ni tana kwantarwa, tana wanke tsumma a bayan gida don kada mutane su gani, tana korar ƙudaje da hannu ɗaya tana daka da ɗaya. Ta sayar da tasoshinta ta sayo man shanu na shafawa. Amma zan faɗi abin da ya ɓata mini rai. Wata rana tana wanke ciwon, sai na ga kafaɗunta na rawa. Dariya take. Na ce mi ne ne? Ta ce, "Na tuna yadda ka gyara murya kana karanta muna." Kwana biyu ban yi mata magana ba. Ita kuwa ba ta fasa wanki ba.

Mako na bakwai wata tsutsar ta leƙo a ƙafar dama. Wannan ba gardi, ba shef, ba littafi. Hajo ta tsinko tsinke daga tsintsiya, ta kama kan, kullum da safe ta ɗiga ruwa ta juya sau ɗaya ko biyu, da ta ji ta ƙi sai ta bari. Mako uku ta fito duka har wutsiya, tsawonta ya fi kamu biyu. Ƙafar dama ga ta nan, da ita nake tsaye, sai ɗan tabo kamar na ƙuna. Irin cuta guda, jiki guda, damina guda. Duk wanda ke son sanin bambancin haƙuri da agogo ya zo ya dubi ƙafafuna.

Ta hagu ta warke bayan girbi, amma ta warke a miƙe kamar tabarya. Wanzami ya gwada tanƙwasa ta da man zafi, na suma, ya bari. Noma nake yi yanzu rabin na dā. Ruwa kuwa muna tacewa, Hajo ta nace, kuma tun daga nan kurkunu bai ƙara shiga gidana ba. Ban ce na yarda da ƴan ƙwarin ba, ban gan su ba. Amma ƙyalle ba ya cin komi, ku tace. Kuma in an ba ku takarda, ko ubanku ya rubuta ta, kada ku ɗaga daga wurin sai an faɗa muku da Hausa abin da ke ciki, sannan ku nemi wani dabam ya sake faɗa. Har yau akwai yara a garinmu da ke kiran kurkunu similater, daga bakina sunka samo. Wannan rubutu shi ne karo na farko da na faɗi gaskiyarta. Ku daina.

Sai bayan shekara huɗu na ƙara ganin Garba. An riga an hana aikin tilas. Da rani ya zo garinmu yin lamba saboda agana, an shimfiɗa mashi tabarma da kujera a ƙofar mai gari. Mata sun ɓoye yara cikin rumbuna, ba wanda ya fito. Mai gari ya aiko a kira ni, wai ɗan lakkwal ya zo ya yi wa mutane bayani. Na zo da ɗiyana mata biyu, domin lamba kam na san tana aiki, ina da tabonta tun lakkwal kuma agana ta ratsa gidanmu ta bar ni. Ba zan hana ɗiyana don haushin wani ba.

Ya ƙara ƙiba. Ya gan ni ya ɗaga hannu. "Kamarad!"

Na yi sallama a tsaye. Dattawa na zaune, kowa ya zo sai ya durƙusa. Mai gari ya ɓata rai ya ce, "Shaibu, baƙon gwamnati da manya na zaune, kai kana tsaye kamar shuri?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ka tambayi baƙon. Shi ya hana ni durƙusawa."

Garba ya dubi sandar, ya dubi ƙafar, na ga ya tuna. Ya taso ya matso, ya rage murya don kada a ji.

"Shaibu, lokacin ne. An ce muna kada mu sallami kowa sai mun gani da ido. Da na rubuta maka abin da ban gani ba, ni za a kora. Kuma littafin nan ma an bar aiki da shi. Wani sabo ya zo, ya nuna wancan ya yi kuskure, ya ce ma'aikaci sai da hutu, sai da a saurari abin da ya faɗa game da jikinsa. Ilmi haka shike, gaba shike yi."

Ni ban rage murya ba. Na ce:

"Madalla. Littafi ya yi kuskure, an kawo sabo. Ƙafata fa, yaushe sabuwa za ta iso daga Faransi? Da ka ce mini, Shaibu, ban iya ba, ina tsoron aikina, da na tahi hanya da tsinke a aljihu na ɓoye ciwona na yi jinyarsa da kaina, kuma da yau muna gaisawa. Ba ƙin taimako na riƙe ka da shi ba, Garba. Ka zage ni cikin harshen da ka san ban gama ji ba, ka ba ni zagin in kai da hannuna. Ga ɗiyana nan, ka yi musu lamba, ka faɗi da Hausa duk abin da za ka rubuta a kansu, mutane su ji. Ni kuwa ban yi maka baki ba, kuma ba ni yi. Sau biyar kowace rana, in na zo zaman tahiya a salla, kowa a sahu ya naɗe ƙafarsa, ni sai in miƙe tawa gaban Allah. Ban taɓa ambata maShi sunanka ba. Ba sai na ambata ba."